Filin Lafiyar Dabbobi: Yaushe Ake Samun 'Ya'yan Kyanwa?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili daga Jos da kewayenta a 'yan makwannin nan a kan kyanwa suke, musamman haihuwarta da lokacin da ya dace a karɓi 'ya'yanta. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a da dama, na kuma taƙaita su yadda filin zai ɗauka.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. 'Yata tana aure a Landan. A watan Janairu ta je ɗaya daga cikin gidajen da ake kula da dabbobin da ba su da masu su, domin ta karɓo wa yaranta ɗan kyanwa, sai aka ce mata manya kawai suka rage, ta koma wajen Mayu ko Yuni. Ni kuwa ban taɓa lura da cewa kyanwa tana da lokacin haihuwa ba, domin ta maƙwabtanmu kusan kullum da ciki ko da goyo take. Shin gaskiya aka faɗa mata? Idan kuma ina so in samo wa jikokina na nan, a wane wata zan nema, kuma a ina? Daga wata Hajiya a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da aka faɗa wa 'yarki gaskiya ne, kuma abin da kika gani a maƙwabtanku shi ma gaskiya ne. Tsawon yini ne ya raba su.

Jikin macen kyanwa yana tafiya ne da yawan hasken da ke shiga idonta. Idan dare ya yi tsawo, wani ɗan ƙaramin sashe a cikin ƙwaƙwalwarta yakan yawaita fitar da sinadarin melatonin, shi kuma yakan kwantar da ma'ajiyar ƙwanta, ta yadda ba za ta nemi barbara ba ko da muzuru yana kwana a gida ɗaya da ita. Da yini ya soma ƙaruwa sai sinadarin ya soma ja da baya, idan hasken ya kai awa 12 zuwa 14 kuwa barbara ta kankama ke nan. A Landan yinin ƙarshen Disamba ba ya kai awa 8, na ƙarshen Yuni kuma yakan haura awa 16 da rabi. Shi ya sa kyanwoyin can sukan huta daga wajen Oktoba zuwa Disamba, sannan su soma neman muzuru a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu.

Sauran kuma lissafi ne. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, wato kimanin mako 9, don haka wadda ta ɗauki ciki a Fabrairu za ta haihu a Afrilu. Gidajen kula da dabbobin ba sa ba da ɗan kyanwa sai ya cika mako 8 ko 9 a ƙalla, an duba lafiyarsa, an kuma yi masa rigakafin farko. Idan kika haɗa waɗannan makwanni za ki faɗo daidai ƙarshen Mayu ko Yuni, lokacin da aka ce 'yarki ta koma. Daga nan har zuwa Oktoba ko Nuwamba gidajen sukan cika maƙil, saboda uwa ɗaya takan sake haihuwa a tsakiyar shekara, kuma 'ya'yan da aka haifa a farkon shekara wasunsu sun riga sun isa ɗaukar ciki. Haka lamarin yake a yawancin Amurka. A Ostiraliya, da yake tana kudancin duniya, abin a juye yake: watannin da Ingila ke neman 'ya'yan kyanwa ta rasa, su ne watannin da suka fi yawa a can.

Jos kuwa tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, tazararta da shi bai wuce digiri 10 ba. Yininmu mafi gajarta, a Disamba, kimanin awa 11 da rabi ne, mafi tsawo a Yuni kuma awa 12 da minti 40 ne. Bambancin bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, kuma wannan bai isa ya tilasta wa jikin kyanwa dogon hutu irin na ƙasashen sanyi ba. A ƙara da hasken lantarki, ko na sola da janareta da ke kai wa tsakar dare a gidaje da yawa, wanda jikinta ke ƙirga shi a matsayin ƙarin yini. Saboda haka kyanwarmu tana iya ɗaukar ciki a kowane wata, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma kowace haihuwa takan zo da 'ya'ya huɗu a matsakaici, wani lokaci ɗaya, wani lokaci shida ko fiye. Abin da yanayi ke canzawa a nan shi ne yawan waɗanda ke rayuwa bayan haihuwar. Sanyin hunturu a kan tsaunin nan da ruwan Yuli da Agusta suna kashe jarirai da yawa da aka haifa a waje, wadatar abinci ta lokacin kaka kuma tana taimaka wa uwa ta shayar da kyau.

Game da inda za ki nema, ba mu da tsari irin na Ingila, inda ƙungiyoyi kamar RSPCA, wadda aka kafa a 1824, da Cats Protection, wadda aka kafa a 1927, suke da rassa a faɗin ƙasa. Irin waɗannan gidaje kaɗan ne a Najeriya, kuma galibinsu na 'yan sa kai ne. A Jos hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda muka gada: maƙwabta da dangi da abokan arziki, sai kuma asibitocin dabbobi, domin ma'aikatansu sukan san gidan da kyanwa ta haihu ake neman masu karɓa. Ki fara da maƙwabtan nan naki, ina kyautata zaton za su yi murna.

Sai dai ina roƙonki abu ɗaya, Hajiya, kuma shi ne ya fi zaɓen watan da za ki nema muhimmanci a wurinmu: ki tambayi ranar da aka haife shi, kada ki karɓa sai ya cika mako 8, idan da hali ma a bar shi ya kai mako 10 zuwa 12. Ki ce a ajiye miki wanda kike so, jikoki su riƙa zuwa suna ganinsa yana tare da uwarsa. Hakan ma alheri ne gare shi, domin tsakanin mako 2 da mako 7 ne ɗan kyanwa ke sabawa da hannun ɗan Adam, kuma wanda aka riƙa ɗauka a hankali a wannan tsakani shi ne ke tashi da natsuwa a cikin yara.

Tambaya: Likita, ina sayar da hatsi a kasuwar Katako, ɓeraye sun dame ni a sito. Wani abokina ya ba ni ɗan kyanwa ƙarami, idonsa a buɗe amma tafiyarsa da tangaɗi. Na riƙa ba shi madarar gwangwani da ruwa, sai ya kama zawo, bai yi mako guda ba ya mutu. Me na yi ba daidai ba? Ina so in sake karɓar wani. Daga wani ɗan kasuwa a Jos.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Yadda ka kwatanta shi, bai wuce mako 3 da haihuwa ba, kuma a wannan matsayi rabuwa da uwa kaɗai ta isa ta kashe shi ko da ba a yi wani kuskure ba. Ɗan kyanwa ana haifarsa ido a rufe, kunne a toshe, nauyinsa kimanin giram 100. A makwanni uku zuwa huɗu na farko ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa, ba ya ma iya fitsari da kashi sai uwar ta lashi ƙasan cikinsa. Nonon farko da yake sha a yinin haihuwa, wato dakashi, shi ke ba shi garkuwa daga cututtuka, nonon da ke biyo baya kuma ya fi na saniya yawan sinadarin gina jiki da maiƙo nesa ba kusa ba. Madarar saniya, ta gwangwani ce ko ta gari ko ta ƙwarya, ba ta ƙosar da shi, kuma sau da yawa takan sa shi zawo. Halittar da ba ta kai rabin kilo ba kuwa, zawon yini ɗaya ko biyu ya isa ya ƙarar da ruwan jikinta.

Ga yadda za ka kintaci shekarun wanda za a sake ba ka, ko da mai bayarwa bai riƙe ranar haihuwa ba. Ido yakan buɗe tsakanin kwana 7 da 14. Ƙananan haƙoran gaba sukan fito wajen mako 2 zuwa 3, fiƙoƙi kuma wajen mako 3 zuwa 4, lokacin da yake soma lasar abinci mai ruwa-ruwa. Idon kowane jariri shuɗi ne, sai wajen mako 7 launin ke soma juyawa zuwa nasa na dindindin. Sikelinka ma zai taimake ka, domin lafiyayye yakan ƙaru da kusan giram 100 a kowane mako, ta yadda ɗan mako 8 zai kama giram 800 zuwa kilo ɗaya. Wanda ya isa rabuwa da uwa za ka gan shi yana gudu, yana tsalle, yana kokawa da 'yan'uwansa, yana cin abinci da kansa ba tare da an lallashe shi ba.

Amma tunda ɓera ne damuwarka, shawarata ita ce ka bar maganar jariri gaba ɗaya. Ɗan mako 8 ba zai kama maka komai ba sai bayan watanni, kuma sito wuri ne da ake rufewa da yamma a tafi, babu mai kula da shi har wayewar gari. Ka nemi babbar kyanwa wadda ta haura shekara guda, musamman wadda ta tashi tare da uwa mai farauta. Irinsu sun fi wahalar samun mai karɓa, a nan da ƙasashen waje duka, saboda kowa ƙarami yake so. Ka tsare ta a cikin sito na mako 2 zuwa 3 da abinci da ruwa da kwanon yashi domin ta ɗauki wurin gida, in ba haka ba za ta nemi hanyar komawa inda ta fito. Kada ka hana ta abinci da sunan yunwa za ta sa ta farauta, domin farauta ɗabi'arta ce, ƙosassa ma ta fi ƙarfin yin ta. Kuma daga ranar da ta shigo ka daina zuba gubar ɓera, saboda ɓeran da ya ci guba yana iya zama ajalin kyanwar da ta cinye shi.

Tambaya: Likita, kyanwata ba ta wuce wata 5 ba. Kwanan nan ta soma wani irin kuka mai ƙarfi da dare, tana birgima a ƙasa, tana ɗaga baya tana karkatar da wutsiya, ba ta cin abinci sosai. Surukata ta ce wani abu ne ya shige ta, a fitar da ita daga gidan. Kukan ya tsaya, bayan mako biyu ya dawo. Ciwo ne? Daga wata matar aure a Bukuru.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ki kuma yi wa Mama bayani cikin ladabi cewa babu abin da ya shige ta. Balaga ce, kuma duk abin da kika lissafa alamun neman barbara ne. Kyanwa takan balaga tsakanin wata 5 da wata 9, wasu tun suna wata 4. Neman yakan ɗauki kimanin mako guda, idan ba ta haɗu da muzuru ba ya lafa, ya dawo bayan mako 2 ko 3, kamar dai yadda kika gani. Dalilin wannan maimaici shi ne, a mafi yawan lokuta ƙwan kyanwa ba ya sauka sai an yi barbarar, saboda haka jikinta zai yi ta kira har sai an amsa. Shi ya sa kuma ake samun 'ya'yan ciki ɗaya masu launi dabam-dabam, domin muzuru fiye da ɗaya na iya zama ubanninsu.

Abin da ya kamata ki sani shi ne, idan ta fita ko da dare ɗaya ne a wannan hali, ki sa a ranki cewa da ciki za ta dawo, ita kuwa har yanzu girma take yi. Ki karanta amsar da na ba Malam na Rikkos a ƙasa. Idan kuwa kika ga ruwa mai wari ko jini yana fita daga bayanta, ko ta kwanta ba ta motsi, wannan ba ya cikin alamun barbara, sai a kai ta asibiti a ranar. Kada a ba ta farasitamol don a rage mata kuka. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, da safe na tarar da 'ya'yan kyanwa huɗu a bayan katangar makarantarmu, idanunsu ba su buɗe ba, kuma ana sanyi sosai. Abokaina sun ce kada in taɓa su, wai uwar za ta ƙi su. Me ya kamata mutum ya yi a irin wannan hali? Daga wani ɗalibi a Gangare.

Amsa: Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka tsaya ka duba. Da farko, maganar cewa uwa za ta ƙi 'ya'yanta don an taɓa su ba ta da ƙarfi. Abin da ya fi faruwa shi ne ta canza musu wuri idan ta ga an dame su. Duk da haka bai kamata ka yi saurin kwashe su ba, domin uwa takan fita neman abinci ta yi sa'o'i, kuma idan tana ƙaura da su ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, ta bar sauran suna jira. Ka dube su da kyau. Idan suna da tsabta, cikinsu a cike, suna barci a dunƙule da juna, to da uwarsu a kusa. Ka barbaɗa ɗan gari ko toka a kewayen wurin, ka yi nisa, ka dawo bayan wasu sa'o'i ka ga ko akwai sawunta. Idan tana zuwa, taimakon da ya fi shi ne ka ajiye mata abinci da ruwa, ka kare wurin daga iska da karnuka, domin babu mai reno kamarta.

Idan kuwa ka same su a cikin kwali ko leda, to mutum ne ya yar da su. Haka nan idan jikinsu ya yi sanyi, ko suna ta kuka ba tsayawa, ko sun ɓaci da ƙazanta, to babu sauran jira, musamman a Disamba da Janairu da sanyin Jos ke tsananta da asuba. Ka fara da ɗumama su kafin komai: ka naɗe su a tsumma, ka sa gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da zane a gefensu, ko ka sa su a cikin rigarka. Kada a ba jaririn da jikinsa ke da sanyi abinci, domin cikinsa ba zai iya narkar da shi ba. Bayan sun yi ɗumi sai a nemi madarar da aka yi musamman domin 'ya'yan kyanwa, wadda ake tambaya a asibitoci da shagunan magungunan dabbobi, a ba su da sirinji marar allura kowane awa 2 zuwa 3, dare da rana, suna kwance a kan cikinsu, ba a rigingine ba, don kada madarar ta bi ta hanyar numfashi. Bayan kowace shayarwa a shafa ƙasan cikinsu da auduga mai ɗumi har su yi fitsari. Aiki ne mai nauyi ga ɗalibi, don haka ka yi cigiyar gidan da kyanwa ke shayarwa, saboda sau da yawa mai goyo takan karɓi na wata idan girmansu ya yi kusa da na nata.

Ga masu yar da su kuma ina da magana. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma kusan kowa ya san shi. Jaririn da idonsa bai buɗe ba, wanda aka ɗaure a leda aka ajiye a bola, ba shi da wata hanyar neman abinci ko kaɗan.

Tambaya: Likita, kyanwar gidanmu ta haihu sau uku a cikin shekara guda, mun rasa waɗanda za mu ba, ita kuma ta rame. Wani ya ce in sayi allurar tazarar haihuwa ta mata a yi mata. Wani kuma ya ce akwai tiyata, amma ina jin nauyin abin ta fuskar addini. Daga wani magidanci a Rikkos.

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi dacewa da halin da muke ciki a Jos, domin abin da ya sa Hajiya ta Unguwar Rogo ba za ta sha wahalar samun ɗan kyanwa ba, shi ne ya sa ka rasa masu karɓa. Inda babu watannin hutu, uwa ba ta samun sararin mayar da jikinta. Tana iya komawa neman barbara 'yan makwanni bayan haihuwa, wani lokaci tun ba ta yaye ba, sai ta haɗa goyo da ciki. Ramar da kake gani daga nan take. Su kuma 'ya'yan da ba su samu gida ba, ƙarshensu sananne ne. Wani bincike da aka wallafa a 2004, wanda aka yi a kan kyanwoyin da ke yawo ba su da masu su a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya gano cewa kashi 75 cikin 100 na 'ya'yansu sun mutu ko sun ɓace kafin su cika wata 6.

Allurar da aka ba ka shawara ban yarda da ita ba. Tana iya dakatar da barbara na ɗan lokaci, amma irin wannan sinadari a jikin kyanwa an san shi da jawo taruwar mugunya a mahaifa, da kumburi ko ƙari a mama, da ciwon sukari, kuma hatsarin yana ƙaruwa idan aka maimaita, ko aka yi ma'auni da ka, ko aka yi wa wadda ta riga ta ɗauki ciki ba a sani ba.

Tiyata ita ce hanyar da likitocin dabbobi suka amince da ita. Ana sa kyanwar barci, ba ta jin komai, a cire ma'ajiyar ƙwai, galibi tare da mahaifa, ta wata 'yar ƙaramar tsaga, yawanci kuma a ranar take komawa gida, ɗinki ya warke cikin kwana 10 zuwa 14. Sau ɗaya ake yi a rayuwa. Bayan hana ciki, tana kawar da hatsarin ruɓewar mahaifa, kuma idan an yi ta da wuri tana rage hatsarin sankarar mama ƙwarai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne wata 4 zuwa 5, kafin neman barbara na farko. Ga taka da ke goyo, a bari ta yaye nonon ya ƙafe, amma a tsare ta a gida a wannan tsakani, in ba haka ba za a kai ta asibiti da sabon ciki. Dandaƙar muzuru ta fi sauƙi da araha, tana kuma rage masa yawo da faɗa da fitsarin nan mai wari da yake fesawa a bango. Kada a ba mai dandaƙar akuya wannan aiki, na likita ne. Jos ba ta rasa masu yi ba: Jami'ar Jos tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi da asibitinta, akwai asibitocin gwamnati da masu zaman kansu, ga kuma Vom a kusa, inda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take tun 1924.

Ta fuskar addini, fatawa ba fannina ba ce, kuma na ji daɗi da ka ɗauki abin da nauyi. Malamai sun yi saɓani a kan dandaƙar dabbobin da ba a cin namansu, wasu sun hana, wasu sun halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Ka je wurin malamin da ka amince da shi, amma ka kai masa cikakken bayani: cewa ana yin aikin ne dabbar tana barci, cewa uwar tana ramewa, da kuma abin da ke samun 'ya'yan da ba a samu masu karɓa ba. Ra'ayina a matsayin mai duba dabbobi shi ne, wahalar mako biyu ta jinya ba ta kama ƙafar wahalar haihuwa uku a kowace shekara ba. Idan kuma ka zaɓi barin tiyatar, to nauyin tsare ta a gida duk lokacin da take neman barbara, da nauyin riƙe duk abin da ta haifa har ya samu gida, sun hau kanka.

Tambaya: An yi mana alkawarin ɗan kyanwa nan da mako uku. Wace allura ake yi masa, kuma yaushe? Daga wani mai karatu a Farin Gada.

Amsa: Malam, ka kai shi asibitin dabbobi a makon da ka karɓe shi. Rigakafin farko, wanda ya haɗa murar kyanwa da wata muguwar cutar hanji mai kashe ƙanana, ana yin sa wajen mako 8 zuwa 9, a maimaita bayan mako 3 ko 4, likita kuma zai faɗa maka ko akwai buƙatar ƙari har ya kai mako 16. Rigakafin ciwon haukan kare ana yin sa daga mako 12, kuma kada sunan cutar ya sa ka ɗauka ta kare ce kaɗai, kyanwa ma tana kamuwa tana kuma yaɗawa, cutar kuwa tana nan a ƙasarmu. A ba shi maganin tsutsar ciki gwargwadon nauyinsa. Maganin ƙuma da kaska na kare, musamman mai ɗauke da sinadarin fametirin, guba ne ga kyanwa, haka ma maganin feshi na gona, don haka kada a shafa masa komai sai abin da likita ya bayar. Ka tsare shi a cikin gida har a kammala rigakafin. Idan kuma wata kyanwa da ba a san lafiyarta ba ta ciji wani ko ta yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a jira alamu su bayyana.